Taƙi Ɗaya da Ya Rage a Zanen Inna Mairo

"Ni dai ban taɓa ta ba."

"Habboba, ban ce kin taɓa ba. Tambaya nike yi. Wuƙa tana tashi da kanta ta shiga madafa, ta shafo baƙi da mai, ta dawo cikin jakata ta kwanta?"

"Ai kai ka ce mini gudu take yi. Abin da ke da taya, ina ne ba ya zuwa?"

Hantsi ne, a ƙarƙashin rumfar kara ta gidan Kaka Yalwa, a ƙauyensu na bakin kogi kudu da Sinja, a ƙasar Sudan. Tana zaune a gadon igiya tana kurɓar jabana, wato gahawa, kamar ba da ita ake ba. Jikanta Sharfuddeen, wanda ke ɗinki a kasuwar Sinja, mai kiranta Habboba, wato kaka da Larabcin can, yana tsaye a kanta riƙe da wata 'yar wuƙa mai mariƙin roba. Bakinta ba dogo ba ne irin na sauran wuƙaƙe. Reza ce zagayayya mai juyawa kamar garen yara, ana tura ta a kan yadi ta wuce ta bar shi biyu.

Ƙanwarsa Rayan ta haifi tagwaye mata, jibi suna. A gidan nan kuwa duk ɗan fari, ranar sunansa a kan ɗan bargo na haɗin ƙyallaye ake kwantar da shi, kuma a tsakiyar bargon dole a sa yanki na wani tsohon baƙin zane na saƙi, wanda Inna Mairo, kakar Yalwa, ta zo da shi a ƙafa daga ƙasar Sakkwato. Macen da ta fi kowa shekaru ce ke yanka shi da hannunta. An yi ta yanka har abin da ya rage bai wuce taƙi ɗaya a tsawo ba, faɗinsa tafin hannu. Sharfuddeen ya riga ya yanka duk sauran ƙyallayen barguna biyu. Tsakiyar kawai ake jira.

Ya ɗaga rezar ya saita ta da rana.

"Dubi nan. Kin ga wanga ɗan giɓin?"

"Ban gani ba. Idona na ganin mutane ne, ba na ganin sharri ba."

"Duk juyi ɗaya zai tsallake zare ɗaya. Yadi zai fito a yanke, amma a maƙale nan da can. Ki ja, ya zare. Ina shimfiɗar?"

"Wace shimfiɗa?"

"Koriyar robar nan mai layuka, wadda ake yanka a kanta."

"Oho. Na adana maka ita. Tana cikin akwati, ƙarƙashin tobina, lafayata ta Salla."

"Don mi?"

"Ji mini yaro. Abu sabo, kore shar, mai kyau haka, ka ce za ka sa masa wuƙa? Kai ba ka san darajar kaya ba. Shi ya sa na daɗe ina tunanin in sake miji."

"Ki sake mana. Wa zai kwashe ki? Ko Malam Sodangi da ba ya gani, da ya ji muryarki sai ya ce sanda ta kai shi wani layi."

"Sodangi ya nemi aurena uban ubanka bai san hanyar kasuwa ba. Sau uku yana zuwa a kan jaki."

"Jakin ne ke kawo shi, don kina da dusa. To in shimfiɗar na akwati, a kan mi kinka yi yankan?"

"Wa ya ce na yi yanka?"

"Babu wanda ya ce."

Ta ajiye finjalin a hankali, ta gyara mayafi.

"In da a ce mutum zai yi yanka, in da a ce fa, ai duk gidan nan babu abin da ya kai doka sumul."

Sharfuddeen ya dafe kai. Doka ita ce faffaɗan ƙarfen da ake gasa kisra, siririyar gurasar dawa, a kai.

"A kan ƙarfe, Habboba! Reza a kan ƙarfe!"

"Na goge ta tas kafin nan. Har da toka."

"Wallahi da kin bar ta da manta, da rezar ta fi samun sauƙi."

Tsohuwa ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wasu tsummoki guda biyar ko shida ta watsa masa a ƙafa. Ya tsuguna ya ɗauka. Kowanne an bi shi da wuƙar, wani a karkace, wani an koma kansa sau uku, bakinsa duk ya yi gashi. Ya dubi tsummokin, sannan ya dubi hannunta. Shekara biyu ke nan yatsunta sun lanƙwashe, ba sa iya matse almakashi. Kowa a gidan ya sani, babu mai faɗa. Shi ma da ya sayo wuƙar, cewa ya yi don aikin shagonsa ne.

"Ashe makaranta kinka buɗe a madafa," in ji shi.

"To da? In zauna gaban ɗan da na wanke wa kashi in ce ya koya mini riƙon wuƙa?"

"Ai kin ga sakamakon karatun ba malami."

"Malamin ne ba shi da kwarjini. Dubi wuyanka kamar na zalɓe."

Ya zauna a bakin gadon, ya yi ƙasa da murya.

"Habboba, ki bari in yanka. Mu biyu ne a nan. In an tambaya, ke kinka yanka. Halas, shi ke nan."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi.

"Shekarar da munka yi gudun hijira zuwa Rusairis, mi na ɗauka? Tukwanena na nan, na bar su. Awakina na bar su. Wanga ƙyalle a ƙuguna na ɗaure shi, kwana huɗu ban kwance ba. Uwata ta yanka wa ubanka. Ni na yanka maka, kai mai kan gwanda, da almakashin aro. Yanzu in kwantar da ɗiyan Rayan a kan ƙarya? Ni zan yanka shi, ko da haƙori ne."

"Haƙori nawa ya rage?"

"Huɗu. Biyu na cin nama, biyu na cizon jikoki marasa kunya."

"To ajiye su. Ina da reza guda ɗaya tak a ajiye. In wannan ta hau doka, sai dai haƙoran."

Ya shiga ɗaki ya fito da koriyar shimfiɗar tana ƙamshin turaren akwati, ya ɗora ta a kan teburin cin abinci. Ya kwance tsohuwar rezar, ya naɗe ta a takarda, ya ɗaura sabuwa. Sannan ya ɗauko mastara, wata faffaɗar rula ta roba da ake ganin yadi ta cikinta.

"Tashi tsaye."

"A zaune aka san manya da aiki."

"A zaune nauyinki na kan gado. Ina son shi a kan wuƙa. Ba yatsu ke yankan nan ba, kafaɗa ce."

"Nauyin nawa gare ni? Kun cinye ni tun ina da sauran kyau."

Amma ta miƙe, tana dafa teburin. Ya shimfiɗa tsumma, ya danne shi da mastara, ya miƙa mata wuƙar. Ta kama ta, ta kai ta can nesa, ta fara jawowa wajen cikinta.

"Tsaya! Ba kuɓewa kike yankawa ba."

"Shekara saba'in ina jawo wuƙa wajen babban yatsana, ga shi nan har yau."

"Waccan wuƙar ta san ki. Wagga baƙuwa ce, ba ta jin Hausa. Daga gabanki za ki fara, ki tura ta can, kamar kina korar kaza."

Ta tura. Wuƙar ta yi rabin hanya, sai ta dawo da ita, ta sake turawa, ta sake dawowa.

"Habboba, niƙa kike yi?"

"Ina tabbatarwa ne."

"Ga tabbacin nan." Ya ɗaga tsumman, bakinsa ya yi tsatsa-tsatsa kamar ɓera ya ci. "Tafiya ɗaya ce. Ba waiwaye, ba komawa. Ki jingina rezar da jikin mastara, ki danna, ki wuce."

"Haka kakanka ya yi da ya tafi aikin auduga Wad Haddad. Tafiya ɗaya, ba waiwaye, sai da na aika a kamo shi."

"Da ni ne, da Port Sudan za a kamo ni."

A karo na uku ta ɗora tafin hannun hagu a kan na dama, ta sunkuya, ta tura da kafaɗa. Aka ji wani ɗan sauti siririn, ƙyat. Tsumman ya rabu biyu. Ta ɗauki ɓari ɗaya ta kai kusa da ido, ta shafa bakinsa da yatsa.

"Hm."

"Mi kinka ce?"

"Tari na yi."

"To yi tarin sau biyu, a kan wannan."

Ya ɗauko wani tsohon ƙyallen saƙi fari da ake goge tire da shi, don shi ne ya fi kama da zanen Inna Mairo. Ya danne, ta tura yadda ya koya mata. Amma saƙin hannu ba yadin kanti ba ne. Ya miƙe a gaban rezar, ya gudu daga ƙarƙashin mastara, yankan ya fito a baude kamar ƙahon rago. Sharfuddeen ya sake dannewa da ƙarfi, ya karɓi wuƙar ya gwada da kansa. Haka ya sake fitowa.

Ya ɗaga ƙyallen yana juya shi. In zanen ya yi haka, ɗaya daga cikin tagwayen ba ta da tsakiya.

"Ya ustaz," in ji Kaka Yalwa, "karatun ya ƙare ne?"

"Ina tunani."

"Yi a hankali kada kan ya yi zafi, ba a saba ba. Miƙo mini kwanon can na kan randa."

Ya miƙo. Ruwa ne a ciki mai ɗan kauri, da 'yan ƙwayoyin ƙaro da ba su gama narkewa ba a ƙasa. Ta tsoma yatsu ta yayyafa wa farin ƙyallen, ta shafe shi da tafin hannu.

"Sa gawayi a dutsen guga. Kada ya yi zafi da yawa. Danna za ka yi, ba ja ba, in ka ja zai miƙe."

"Wa ya koya miki wannan?"

"Wata jahila da ba ta taɓa ganin koriyar roba ba."

Da ya goge, ƙyallen ya tsaya kamar takarda. Ta tura wuƙar, ya rabu sak. Ta kama bakin ta ja da farce, ko zare ɗaya bai biyo ba. Ta sake ja. Ta daɗe tana kallonsa.

"To, sai mu jira a yi wa zanen ƙaro ya bushe," in ji Sharfuddeen.

"Ka jira wa?"

Ta kwance bakin zanenta ta ciro ɗan mabuɗi, ta aike shi ya ɗauko gwangwanin alewa daga ƙasan wani ƙaramin akwati. Da ta buɗe, ga guntun zanen nan a tsakanin fararen takardu biyu, baƙi mai shuɗi-shuɗi, ya koɗe a gefe ɗaya, a miƙe sumul.

"Tun ranar da anka ce biyu ne na yi masa ƙaro."

"Kin san duk wannan, kinka hau doka?"

"Kowa da inda karatunsa ya tsaya. Kai ma ga naka can a ƙasa kamar ƙahon rago."

Ya wanke hannu kafin ya taɓa. Ya shimfiɗa shi a kan robar, ya bi zaren saƙar da ido har ya daidaita shi, ya auna. Yatsa goma sha biyu. Ya ɗora mastara a tsakiya.

"Shida nan, shida nan. Kowace tana buƙatar huɗu. In hannu ya goce, akwai biyu na gyara."

Haka ake yi tun da. Almakashi na cin bakin tsohon saƙi, sai an rage an daidaita, shi ya sa kowane yanka ke tafiya da yatsa biyu a banza.

Kaka Yalwa ta sake ɗaukar farin ƙyallen gwaji, ta ja bakinsa karo na uku.

"Matsar da ita."

"Ina?"

"Yatsa huɗu."

"Habboba, in kinka yanka a huɗu babu na gyara. Ko kaɗan ya karkace, ya tafi."

"Na ji. Matsar."

"Huɗu da takwas? Ɗaya ta samu babba, ɗaya ƙarami? So kike su tashi suna faɗa tun a zanen goyo?"

"Kai dai aikinka riƙon mastara. Al'ada ta ce babbar mace ta yanka. Ba ta ce a nemi shawarar mai riƙe katako ba."

"Roba ce."

"Ko ma mece ce. Danne, kuma ka janye yatsun nan naka masu kama da rake, ina da aiki da su jibi wajen rabon nama."

Ya matsar. Ya auna sau biyu, ya buɗe yatsunsa a kan mastara nesa da baki, ya danna har farcensa ya yi fari. Ta yi bisimilla, ta ambaci sunan Inna Mairo, da na uwarta. Ta ɗora hannu a kan hannu ta tura.

Ƙyat.

Yanki ɗaya ya koma gefe, murabba'i, bakinsa kamar an ja layi da alƙalami. Wata kaza ta leƙo ƙarƙashin teburin ta wuce.

"Sake matsarwa," in ji ta. "Huɗu."

Sai a lokacin ya gane lissafin. Ya ɗaga kai zai yi magana, ta harare shi, ya mayar da kai ya auna.

Ta jingina rezar da mastara ta fara turawa. Tafin hannu guda ne kawai tafiyar, amma a tsakiya sai ta tsaya. Mariƙin na kaɗawa hagu da dama. Gumi ya tsattsafo mata a goshi.

"Kada ki ɗaga," in ji Sharfuddeen a hankali. "Kada ki dawo baya. Tana nan a kan layi."

"Kafaɗar ta ƙi."

Ya dube ta. Hannunsa ɗaya a sake yake, yana iya ɗora shi a kan nata, amma ya san ba za ta yafe masa ba. Sai ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a bayan danga.

"Ma'alesh, ba komai, tsufa ne. Bari in aika a kira Goggo Amina ta ƙarasa. Ai ita ke bi miki, kuma dama ta ce wata uku kawai kinka girme ta."

"Wata uku? Shekara biyu da rabi! Ina ɗaukar ruwa daga kogi tana tsotson yatsa!"

Ƙyat.

Wuƙar ta wuce har ta fita daga bakin robar. Sharfuddeen ya yi maza ya karɓe ta ya rufe bakinta, sannan ya ɗaga mastara. Yanki uku ne a kan koren, kansu ɗaya, ko zare bai zube ba.

Kaka Yalwa ta koma ta zauna a gado da ƙarfi, tana haki. Can sai dariya ta kama ta, har tana share ido da bakin mayafi.

"Amina ba ta faɗi haka ba, ko?"

"Ban gan ta ba tun Salla."

"Ɗan banza. Allah ya shirye ka."

"Amin. To yanzu mi kinka ce game da garen yara?"

"Na ce ƙaro ya yi aiki."

"Ƙaro kaɗai?"

"Da kafaɗata."

"Sai kuma?"

"To, garenka ma ya ɗan taimaka. Kada ka faɗa a kasuwa, zan ƙaryata."

Ta miƙa hannu ya kawo mata yankan uku a kan takarda. Ta ɗauki biyu ta ba shi.

"Na Hassana, na Usaina. Kada ka sa wa ɗaya ɗinki ya fi na ɗaya kyau."

Na ukun ta riƙe shi a tafin hannu, ta shafa shi da babban yatsa. Sannan ta naɗe shi a farar takardar, ta kamo aljihun rigarsa ta cusa a ciki, ta danna.

"Da na ɗauka a kaina zai ƙare," in ji ta. "Wannan na ɗan farinka ne. An riga an yanka, da hannuna. Ko ina nan ko ba na nan, babu mai cewa ba a yi daidai ba."

Sharfuddeen ya dafa aljihun. Ya yi gyaran murya.

"Ai sai an samu matar tukuna."

"Wannan kuma ba aikin wuƙa ba ne. Amma ka rage zagaya ƙofar gidan su Najwa kamar jakin da ya ɓata, ka shiga ka gai da ubanta. In sun ga wuyan ba su gudu ba, a ɗaura."

"Ke fa? Kin yarda in bar ki?"

"Na sallame ka tun ɗazu. Sodangi na nan."

Ya tattara mastara da robar. Ya kai hannu zai ɗauki tsohuwar rezar da ya naɗe a takarda, sai ta riga shi, ta tura ta ƙarƙashin matashi.

"Wannan bar mini ita."

"Mi za ki yi da reza mai giɓi?"

"Tana yanka sharmut siri-siri, ba ka ga yadda naman ya shanyu a igiya ba?"

"Habboba! Har nama?"

"Wa ya ce na taɓa ta? Tafi, rana na yi, bargo biyu ba sa ɗinka kansu."

Ya girgiza kai, ya ɗora yankan biyu a kan tarin ƙyallayen, ya rungume su a ƙirji ya nufi zaure inda keken ɗinkin yake.